Mai Daka a Gefen Littafi

Tun da aka idar da sallar la'asar Hansai take tsaye a tsakar gida da tsintsiya a hannu, amma ko inda kaza za ta kwanta ba ta share ba. Kunnenta yana zaure. Da ta ji an jingine keke a jikin bango sai gabanta ya faɗi, kamar ba ita ta aika a kira mai keken ba.

Ta ja mayafi ta fita.

Malam Ja'afaru yana tsaye, alli ya ɓata masa hannun riga kamar kullum. Suka gaisa, ya gida, ya makaranta, ya gajiya, ya mutanen gidan, kowa yana jan gaisuwar saboda tsoron abin da ke bayanta. Ita ce ta fara gajiya.

"Malam, gobe mutanen Darki za su zo."

"Na sani. Baba ya aiko mini, ya ce in zo da hantsi, in taho da littattafan."

"Sun ce in dai kai zan aura, za su ɗauki 'yarsu. Wai jininsu ba zai yi agolanci a gidan mai zanen aljanu ba."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Aljanun da ake feƙewa da reza ke nan. Fensir ne fa, Hansai."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan dakalin zauren, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Shekara biyu ke nan da Maikano, mijin Hansai, ya kife da motar siminti a hanyar Birnin Kudu. Ya bar mata 'ya ɗaya, Indo, mai shekara bakwai yanzu. Da ta gama takaba ta dawo Wudil gidan mahaifinta, Malam Babba maɗinkin manyan riguna, dangin miji na Darki kuma suka bar mata yarinyar aro, ba kyauta ba.

Indo tun da ta fara magana take i'ina, kuma ba irin wadda ake yi wa dariya a wuce ba. In ta ɗauko kalma sai ta maƙale mata a wuya, jijiyoyi su tashi, ido ya kawo ruwa, ƙafa tana dukan ƙasa, har mai sauraro ya gaji ya ƙarasa mata. A Darki sau biyu wanzami yana yanka mata linzamin harshe. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an ba ta ruwan da aka wanke ƙararrawa da shi. Abin da duk wannan ya haifar shi ne yarinya ta rufe bakinta gaba ɗaya, sai kaɗa kai da nuni da yatsa.

Shi kuwa Ja'afaru, kafin ya zama malami, shekara uku ya yi yana bin motar majigi ƙauye-ƙauye yana ɗaukar gwangwanayen fim. Wata rana ya ɗaga fim ɗin a hasken rana, ya ga ashe ba wani siddabaru a ciki. Hotuna ne a jere, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa, gudu ne kawai yake sa ido ya ga motsi. Da kuɗin fetur ya ɓarke, gwamnati ta shiga gina firamare a kowane lungu tana neman duk mai iya riƙe alli, sai ya dawo gida ya karɓi aji, da abin da ya gani a kansa.

A kusurwar littafin rubutu yake zanen, shafi bayan shafi. In yaro ya danne gefen da babban yatsa ya riƙa sakin takardun, sai zanen ya tashi yana motsi. Akwai littafin baki, leɓɓa suna haɗuwa suna rabuwa. Akwai na mai kwalekwale, don koyon jan numfashi. Amma wanda ya fi aiki shi ne na mai daka, wata mata mai ɗankwali a karkace, taɓarya tana hawa tana sauka. Duk saukar taɓarya, gaɓa ɗaya ta magana. Yaro ne da kansa yake riƙe da saurin, ba mai ce masa yi maza, ba mai kallon bakinsa, shi ma idonsa yana kan turmi. Yara biyar masu nauyin baki yake tarawa a gindin tsamiya bayan an tashi daga makaranta, Indo ce ta shida.

An ce kowa ya so uwa ya so ɗanta. Ja'afaru dai ta baya ya biyo wa maganar, don sai da ya yi wata huɗu yana rako Indo gida kafin ya lura mai karɓar ta a zaure tana da wushirya.

"Ki bar kukan nan haka," in ji shi. "Baba bai rufe ni ba. Ya ce in har ya tabbata a gaban mutane cewa aikin nan yana amfanar Indo, zai tsaya tsayin daka, ya ba ni ke, kuma ba mai fita da ita daga hannunki. In bai tabbata ba, ba shi da bakin hana masu 'ya 'yarsu."

"To ai za ta yi magana. In littafin yana hannunta tana yi."

"Nan ne fa gizo yake saƙar. Hajiya, uwar mijinki, ta ce ba Indo ce take magana ba, abin cikin takardar ne yake aron bakinta. Za su karɓe littafin su ce ta yi. A gaban taro kuwa, ido a kanta, na san ba za ta iya ba tukuna." Ya tsuguna har fuskarsa ta zo daidai da tata. "Mutum ɗaya ne a duniya ya ji ta yi magana ba littafi."

Hansai ta sunkuyar da kai. Ran Talata ne abin ya faru. Ta je ɗauko itace a bayan rumbu, sai ta ji wata 'yar murya. Ta leƙa, ga yarinya zaune, littafi a rufe a gefe, tana dukan gwiwarta da tafin hannu. Su-na-na In-do. Gi-dan-mu Wu-dil. Ya-ya-ta Han-sai. Sau uku ta faɗa ba gargada. Hansai ta tsuguna a inda take, ta toshe baki da gefen zani, ta yi kuka har tuwo ya kama a kan wuta.

"Abin da kika gaya mini shi za ki faɗa, ba ƙari ba ragi," in ji Ja'afaru.

"Zan faɗa."

"Hansai, wata nawa muna tare, ban taɓa jin kin kama sunanta ba. Yarinyar nan, yarinyar nan. Ni kaɗai ke nan fa. Gobe kuwa ga Baba, ga uwar mijinki."

"'Yar fari ce, Malam. Haka na tashi na gani. Innata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayanmu ba. Ko zazzaɓi yake yi sai dai ta tura wata ta duba shi, ita kuma ta shige ɗaki ta kasa cin abinci. Ba rashin so ba ne."

"Ni na san ba rashin so ba ne. Gobe dai ki bar kunyar nan a ɗaki, ko ta minti biyu ce."

Ta share hawaye da bayan hannu. "Wallahi zan faɗa. Ko ƙasa za ta tsage in shige, sai na faɗa tukuna."

Kuma da gaske take har cikin ranta. Alkawari dai a zaure, daga kai sai masoyinka, ba shi da wuyar ɗauka.

Washegari da hantsi farar fijo ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji Gwadabe ne, wan marigayi Maikano. Shekara huɗu da suka wuce dillalin awaki ne a kasuwar Juma'a, yanzu kuwa ɗan kwangila ne, rabin azuzuwan da ake ginawa daga Darki zuwa Utai shi ya ɗora musu kwano. Ya kai uwarsa Makka, ya gina gidan siminti, gidan kuma ba mace tun da matarsa ta rasu bara. Sau uku yana aiko wa Hansai neman aure, sau uku tana cewa tukuna.

Uwar tasa, Hajiya Auta, ta shigo cikin gida da sallama, haƙorin Makka yana walƙiya. Tana ganin Indo ta rungume ta ta fashe da kuka, wai goshin Maikano sak. Ba muguwar tsohuwa ba ce, abin da ya sa lamarin ya yi wuya ke nan. Da muguwa ce, da Hansai ta san inda za ta sa ƙafa.

Hansai ta kai mata fura ɗaki, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Matso nan, 'yar nan," in ji Hajiya. "Ni ban zo faɗa ba. Ƙasa ta cinye mini ɗa, abin da ya bar mini ke nan. Ga Alhaji, ɗaki ciki da falo, ga famfo a tsakar gida. Ki koma gidanku, ki riƙe marainiyar a gabanki. Wa ya rasa?"

"Iya, a yi mini haƙuri."

"Haƙuri ai shi muke ta yi. Kin san abin da ya sa na nace a kanki? Kunyarki. Shekara bakwai ban taɓa jin kin kama sunan yarinyar nan ba, ban taɓa ganin kin ɗauke ta a gabana ba. Ranar da wanzami ya zo tana ihu, ke kina surfe, ko ɗagowa ba ki yi ba. Na ce a raina wannan 'yar gidan mutunci ce. Ba irin matan zamanin nan ba, masu saɓa ɗan fari a kafaɗa su shiga taro suna wanena kaza, wanena kaza, ba kunya ba ta ido."

"Na gode, Iya," in ji Hansai.

Ta tuna ranar surfen. Sai da ta ciji leɓenta ya yi jini. Ta fito daga ɗakin tana jin maganar da ta shirya ta fara yi mata nauyi.

Aka taru a zaure. Malam Babba ya soke allura a jikin rigar da yake ɗinki, ya ture ta gefe. Alhaji yana kan kujera, Hajiya tana kan tabarma da Indo a gefenta, Ja'afaru ya tsuguna kusa da ƙofar waje da littattafai uku a cinya. Hansai ta raɓe a ƙofar ciki, rabin jikinta a tsakar gida.

Bayan addu'a Malam Babba ya karɓi littafin mai daka, Ja'afaru ya nuna masa yadda ake riƙewa. Takardu suka zuba, taɓarya ta hau ta sauka. Tsohon, da ya shekara arba'in yana zana riga, ya sake saki a hankali, ya duba shafi ɗaya, ya duba na bayansa.

"Hannunka yana da kyau," ya ce.

Hajiya ta kau da kai tana neman tsari. "Ba rai ba jini, ga ta tana daka. Malam Babba, kai ma da iliminka ka gani."

Alhaji Gwadabe ya gyara murya. "Ni na shiga silima a Kano, ba zan ce aljani ne ba. Amma hankalin Iya bai kwanta ba, kuma 'yar ƙanina ba abin gwaji ba ce. In asibiti ne, ko Ikko zan kai ta. Malam Ja'afaru, ba raini ba, kai likita ne?"

"A'a, Alhaji. Malamin aji biyu ne ni."

"To ka ji."

"A ba ta littafin dai a ji, ranka ya daɗe," in ji Ja'afaru.

Aka miƙa wa Indo. Ta riƙe da hannu biyu, ta kafa ido a kan turmi, ta fara sakin takardu.

"Su-na-na In-do. I-na kwa-na, Ka-ka."

Rabon Hajiya da muryar jikarta shekara biyu. Hawaye ya zubo mata, ta kai hannu za ta shafa kan yarinyar, sai kuma ta janye.

"Wannan ba muryarta ba ce. Ku ji yadda take fita gutsi-gutsi. A karɓe takardar, ta faɗa da bakin da Allah ya ba ta."

Alhaji ya zare littafin a hankali. "Faɗi sunanki, Indo. Ba mai dukanki."

Yarinya ta dubi hannunta wayam, ta dubi fuskoki huɗu da suka zuba mata ido. Ta buɗe baki. Iska ta fito, magana ba ta fito ba. Jijiyar wuyanta ta miƙe, diddigenta ya shiga dukan tabarma, haɓarta tana rawa. Hansai ta damƙe ƙyauren ƙofar har farcenta ya karye.

"Ya isa haka, don Allah," in ji Ja'afaru.

"Kun dai gani," in ji Hajiya. "Wa yake maganar, ita ko takardar?"

Ja'afaru ya juya wurin Malam Babba. "Baba, mai koyon tafiya da bango yake farawa, ba a cewa bangon ne yake tafiya. Kuma ta fara saki. Ran Talata ta yi magana ba littafi, a cikin gidan nan. Akwai wanda ya ji."

"Wa?"

Bai faɗi suna ba. Ya dai dubi ƙofar ciki, kowa ya bi idonsa.

"Hansai," in ji Malam Babba. "Ke kike ɗaki ɗaya da ita. Kin ji wani abu?"

Maganar tana nan a bakinta, a shirye. Amma kafin ta fita sai Hansai ta yarda ta laɓe a bayan rumbu tana sauraron 'yar fari. Sai ta tsaya gaban mahaifinta da uwar mijinta tana yabon abin da ta haifa, kuma don ta gyara wa namijin da take so hanya. Ta ɗago kaɗan, idonta ya faɗa cikin na Hajiya, tsohuwa tana kallonta da cikakkiyar yarda. Wani zafi ya taso mata daga wuya har kunne. Bakinta ya buɗe, ya bi hanyar da ya saba bi shekara bakwai.

"Ni ban lura ba, Baba. Ai 'yarsu ce, su suka san ta."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Hajiya.

Tun kafin tsohuwar ta rufe baki Hansai ta so a ce an tsinka mata mari. Ja'afaru ya sunkuyar da kai. Wadda ta juyo ta kalle ta Indo ce, kallo ɗaya, ta mayar da ido kan tabarma.

Malam Babba ya shafa gemu. Sannan ya ce shi mutum ne mai magana ɗaya. Yarinya za ta bi kakarta yau. Maganar aure kuwa, Hansai bazawara ce, ba zai yi mata dole ba, wanda ta zaɓa shi zai ba. Hajiya ta ce ran Juma'a mai zuwa za a kira wanzamin Kausani, an ce shi hannunsa yana da sa'a, waɗancan biyun ba su yanka ya kai ba. Alhaji ya miƙa wa Ja'afaru littafinsa da hannu biyu, ya ce ba gaba a tsakaninsu. Ya kuma ce, ba tare da ya dubi ƙofar ciki ba, ƙofarsa a buɗe take.

Hansai da hannunta ta ɗaure kayan yarinyar a ɗankwali, riga uku da zani da allon makaranta. Da ta fito an riga an sa Indo a bayan mota, injin yana ruri. Hajiya tana gaba ta leƙo ta taga tana sallama da maƙwabta, Alhaji yana can suna musabaha da Malam Babba. Hansai ta zura ƙunshin ta tagar baya, ba ta yarda ta dubi fuskar yarinyar ba.

Sai ta ji ana ɗan dukan ƙofar motar daga ciki da tafin hannu.

"Ya-ya. Kin ji ni. A ba-yan rum-bu. Na ga ƙa-far-ki."

Ba littafi, ba gargada. Kuma ba wanda ya ji sai ita.

Kafin ta samu numfashi Alhaji ya shiga, mota ta ja. Ta bi ta taku uku ta tsaya, hannunta a miƙe, har fijon ta karya kwana ta hau kwalta.

Ta koma zaure da gudu ta zube a gaban mahaifinta. Ta faɗa masa komai, na Talata da na yanzu, tana yi, kuka yana sarƙe ta. Ya saurare ta har ta gama.

"Na yarda da ke," ya ce. "Amma magana zarar bunu ce, Hansai. A gaban mutane na tambaye ki. In na bi su yanzu na ce 'yata ƙarya ta yi ɗazu, wa zai karɓi ta yanzu? Cewa za su yi son auren malami ne ya buɗe miki baki."

Aka kira azahar, ya ɗauki buta ya fita.

Ashe Ja'afaru bai tafi ba. Yana tsaye a jikin kekensa a inuwar katanga. Da ya ga tsohon ya wuce sai ya yi sallama ya shigo, ya same ta inda aka bar ta.

"Malam, ka zage ni," ta ce.

"In ce miki me?"

"Ka ce na kashe mu. Jiya a nan na rantse maka. Ina ji ina gani bakina ya ci amanata. Ta san na ji ta, Malam. Ta ga ƙafata. Tana zaune tana jira in faɗa, na ce ban lura ba."

Ya zauna a ƙasa nesa da ita kaɗan. Idonsa ya yi ja.

"Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Kullum ina gaya wa iyaye kada a tsayar da yaro gaban taro a ce ya faɗi abin da bai taɓa gwadawa a ɗaki ba. Sai ga shi ni na yi miki haka."

"Mu je wurin alƙali."

"Zai tambayi abin da kika faɗa gaban shaidu."

"To a ɗaura mana auren. In an kwana biyu zuciya ta yi sanyi, mu je mu roƙe su."

"Juma'a saura kwana shida, Hansai."

Ta san abin da aska ta uku za ta yi. Ba harshen ne abin tsoro ba, shi yana warkewa. Yarinyar ce ba za ta ƙara yarda ta buɗe baki gaban ɗan Adam ba.

Ja'afaru ya ɗauko littattafan uku ya ajiye a gabanta.

"Na bakin da safe ake yi, kafin ta gaji. Na kwalekwalen in kin ga numfashinta yana yankewa. Na mai dakan kada ki taɓa karɓe mata, ita za ta ajiye da kanta in lokaci ya yi. Kada ki ƙarasa mata kalma. Kada ki kalli bakinta, ki kalli abin da take kallo."

"Me ya sa kake gaya mini wannan? Ta ina zan kai mata?"

"Baƙuwa ba ta hana wanzami shiga gida. Matar gida ce take hanawa."

Sai da maganar ta zagaya kanta sannan ta zauna. Ta ɗago tana kallonsa, hawaye yana zuba ba ta ko sharewa.

"Kai da bakinka kake tura ni gidan Alhaji."

"In kika aure ni, ƙofar Darki ta rufe miki ke nan. Ni kuwa ko inuwata ba za su bari ta gifta ba. Alhaji ba mugu ba ne. Ya ce bai yarda aljani ne ba, kin ji shi da kunnenki. In kina cikin gidan zai saurare ki."

"Ashe ba ka sona."

"Da ba na sonki da na ce ki zauna. In kai ki ɗakina, kullum ki ɗago ki gan ni ki tuna wadda kika bari saboda ni. Wata nawa za mu yi kafin ki tsani ganina?"

"Ba zan tsane ka ba har abada."

"To bari mu rabu a haka, tun ba ki tsane ni ɗin ba."

Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai sauti, ba ta damu da masu wucewa ba. Shi ma bai hana ta ba. Da ya ga zama ba zai ƙara musu komai ba sai ciwo, ya miƙe.

"In takardun sun tsufa ki aiko, zan zana wasu. Ba sai an ce daga wa ba."

Ya fita. Bai hau keken ba, turawa ya yi.

Tana nan zaune da littattafai a cinya har Malam Babba ya dawo daga masallaci, ya zauna a mazauninsa, ya jawo riga ya zare allura. Ta gyara durƙuso.

"Baba, a aika Darki."

"A ce me?"

"A ce wa Alhaji na amince. Amma a gaya wa Iya, ba wanzamin da zai sake taɓa bakin Indo. A ce ni uwarta na faɗa."

Tsohon ya ɗago ya dube ta, allura a tsaye a hannunsa. Tun da aka haifi yarinyar bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Da ɗazu ne, Hansai," ya ce a hankali. "Da ɗazu kika yi wannan, da yanzu goron Ja'afaru ake rabawa."